Tantin Shuka a Ɗaka: A Fara da Lissafin Wuta

Tantin shuka na cikin ɗaki ya karɓu ne a Turai da Amurka, inda hunturu ke rage hasken rana. Mu kuwa rana ba ta yi mana ƙaranci ba, shi ya sa nake shawartar mai saye ya fara da lissafin wuta. Tanti mai faɗin mita 1.2 kowane gefe, fitilarsa ta LED kan ci wajen wat 400. In ta kai awa 16 kullum, yunit 6.4 ke nan, ban da fankar da ke fitar da zafi ta sama. A Kano cikin Afrilu, iskar da za ta shigo tantin kan kai digiri 40, latas ya yi ɗaci. Ga marar sola da batir, rumfar raga a tsakar gida ta fi.