Jita mai doro: kimiyyar da ke cikinta, da yadda za ka samu mai sauƙin kuɗi

Kwanakin baya wani ƙanena da ke Yankwashi ya turo min hoton wata jita ta WhatsApp. Fuskarta a tashe take kamar bayan ƙwarya, da wasu tsagogi biyu masu lanƙwasa a gefe da gefe. Wani ɗan gwanjo ne ya yi masa tallarta, shi kuma kuɗin da ya tara na riɗin bana yake son zubawa. Ya ce, "Yaya, ka duba min, kar in yi asara." Ni ba makaɗi ba ne, kimiyya na karanta, amma sauti da katako suna cikin abin da muke nazari. Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan.

Wace iri ce wannan jita?

Jitar da aka fi gani a wurinmu fuskarta a shimfiɗe take, da rami ɗaya zagayayye a tsakiya. Wadda Turawa ke kira archtop kuwa, mu ce mata mai doro, an ɗauko tsarinta ne daga gogen Turawa. Wani Ba'amurke mai suna Orville Gibson ne ya fara sassaƙa irinta a garin Kalamazoo a ƙarshen ƙarni na 19, aka kafa kamfani da sunansa a 1902. A 1922 Lloyd Loar ya tsara samfurin L-5 mai tsagogin nan guda biyu, wanda har yau shi ake kwaikwaya. A 1936 aka fito da ES-150 mai aiki da lantarki, wadda Charlie Christian ya yi suna da ita a kiɗan jaz.

Me ya sa aka yi mata doro?

Tsarkiya ita kaɗai ba ta da wata ƙara. Siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Dole sai ta miƙa girgizarta ga wani abu mai faɗi. Duba gogenmu: tsarkiyar izga tana bi ta kan ɗan ƙaramin icen nan da ake kira jaki, jaki yana zaune kan fatar da aka rufe ƙwarya da ita, fatar ce ke kaɗa iska har mu ji. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma haka yake, tsarkiya ɗaya da ɗan ƙaramin jiki rufe da fata.

Jita mai doro da goge jirgi ɗaya ya kwaso su. Jakinta ba a manne yake ba, tsarkiyoyi ne ke danne shi, su kuma an ɗaure su can a gindin jitar. Tsarkiyoyin ƙarfe shida idan an ɗame su, jansu ya kai na kilo 60 zuwa 80, kuma wani kaso na wannan ƙarfi yana danna fuskar jitar ƙasa dare da rana. Katako mai kaurin 'yan milimitoci, in a shimfiɗe yake, sannu a hankali zai lotsa.

Maganin wannan matsala, maginan Hausa sun daɗe da saninsa. Duk wanda ya shiga tsohon zauren fada, ko Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya ga bakan gizo. Baka yana karɓar nauyi daga sama ya rarraba shi zuwa bango, shi ya sa rufin ƙasa ke tsayawa. Doron jita ma aikinsa ke nan: yana kai nauyin jaki zuwa gefuna.

Doron yana kuma sauya murya. Fuska mai tauri tana sakin sautin da sauri, sai ya fito da ƙarfi a take, ya mutu da wuri. A shekarun 1930, kafin lasifika ta yaɗu, abin da makaɗa ke nema ke nan, don a jiyo su a cikin masu busa da masu ganga. Tsagogin kuma ba ado kawai ba ne. Ka taɓa busa bakin kwalba ka ji ta yi wani gurnani? Iskar ciki ce ke matsewa tana sakewa. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Helmholtz, ya yi bayanin wannan a ƙarni na 19. Iskar cikin jita tana yin haka ta tsagogin, tana ƙara wa sautin kauri.

Ina tsadar ta fito?

Mai tsada ana sassaƙa fuskarta ne daga katako mai kauri na icen sufurus, bayanta kuma daga icen mafal. Mai sassaƙa yana rage kauri kaɗan-kaɗan, yana ƙwanƙwasawa yana saurare, galibin katakon ma a shara yake ƙarewa. Aikin makonni ne, shi ya sa irin waɗannan ke cin dubban daloli.

Mai araha kuwa, siraran fale-falen katako ake jerawa da gam, a danne su da zafi cikin mazubi har su yi doro, kamar filawud. Kada ka raina ta. ES-175 da Gibson ya fitar a 1949, wadda ta samo sunanta daga farashinta na dala 175 a lokacin, irin wannan ce, kuma manyan makaɗa irin su Joe Pass sun yi aiki da ita. Dalili: idan ka haɗa jita da amfilifaya, sautin lasifika yana komawa ya girgiza fuskar jitar, ita kuma ta sake mayar da shi, sai ka ji wannan kuwwar da ke tashi a wajen taro in an kusanta makirfo da lasifika. Fuskar fale-fale ba ta saurin amsawa, don haka kuwwar ta fi ƙanƙanta. A yau kamfanoni irin su Epiphone, Ibanez da Godin suna yin irin wannan a kan ɗaruruwan daloli.

Hunturu, babban abokin gaba

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar mutumin Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura. Katako yana shan danshi daga iska, yana kuma fitarwa. Ka lura da ƙofar katako da ke cijewa da damina, ta saki da rani? To, haka jita take. Masana'antu suna haɗa ta a ɗakin da danshinsa yake wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iskarmu kan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana.

A irin wannan sauyi, fuskar jita mai faɗin santimita 40 tana neman tsukewa da milimita 2 zuwa 3. Ga shi an manne ta a gefuna, ba ta da wurin zuwa. Sai ta lotsa, ko ta tsage. Fale-fale kuwa an jera su ne a gicciye, kowane yana riƙe ɗan'uwansa, saboda haka motsin kaɗan ne. Wato a ƙasarmu mai arahar ta fi mai tsadar juriya.

Abin dubawa kafin ka biya

Sabuwa ko ta hannu, yawanci sai an je Sabon Gari a Kano, ko a yi saƙo daga kasuwar Alaba ta Legas. Ko daga ina ta fito, duba waɗannan:

Na ɗaya, wuya. Ɗaga jitar ka hangi wuyanta daga sama kamar yadda kafinta ke duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ana gyarawa da sandar ƙarfen da ke ciki. In ya murɗe, bar ta.

Na biyu, doro. In ka ga an murɗa jaki ya hau can ƙarshe amma tsarkiya na taɓa ƙarafan wuya, alama ce fuskar ta lotsa.

Na uku, leƙa bakin tsagar. Idan fale-fale ce, sau da yawa za ka ga layukan hawa-hawa, sai dai in an rufe bakin da ado. Kada a sayar maka da ita a farashin sassaƙaƙƙiya.

Na huɗu, ƙarfe na 12 a wuya. Nan ne rabin tsarkiya, kuma rabin tsayi yana ninka saurin girgiza: tsarkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, in ka danne ta a nan ta koma wajen sau 164, murya ɗaya amma sama. In bai daidaita ba, sau da yawa jaki ne ya goce, tura shi kawai za a yi. Wannan ba aibu ba ne, amma zai taimake ka wajen ciniki.

Na biyar, jona ta da amfilifaya ka murɗa kowane maɓalli, ka saurari ƙaraf-ƙaraf ko shiru.

Na shida, suna. In ka ga babban suna a farashin banza, to akwai lauje cikin naɗi. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi ta intanet a kan hoto.

Bayan ka saya

Ajiye ta cikin akwatinta, nesa da rana da zafin kwano. Da hunturu, jiƙa soso ka matse shi sosai, sa shi cikin robar sabulu da ka huhhuda, ka ajiye a akwatin, kana dubawa duk bayan kwana biyu ko uku. Da damina ka cire. In za ka sauya tsarkiya, yi ɗaya bayan ɗaya, don in ka kwance duka jaki zai faɗi.

In kuɗin bai kai ba, kada ka ci bashi. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zaga duniya da kiɗa, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ta isa koyo, kuma ta fi sauƙin samu.

Ƙanen nawa dai ya koma wurin ɗan gwanjo da wannan jerin a wayarsa. Jitar ta fale-fale ce, wuyanta lafiya, jakin ne ya goce. Ya taya, aka rage masa, har ya yi ragowar kuɗin akwati. Yanzu saura soson hunturu.