Sandra Day O'Connor: Lauya, 'Yar Majalisa, Alƙaliya

Kafin Sandra Day O'Connor ta zama mace ta farko a Kotun Ƙolin Amurka, sai da ta bi matakai uku, kuma kowanne ya koya mata abin da ya yi mata rana daga baya.

Na farko aikin lauya. An haife ta a 1930 a El Paso da ke jihar Teksas, ta taso a gonar kiwon shanu ta iyayenta a Arizona. Ta gama karatun shari'a a Jami'ar Stanford a 1952, amma kamfanonin lauyoyi suka ƙi ɗaukarta saboda mace ce. Wani ma aikin sakatariya ya yi mata tayi. Sai ta shiga ofishin lauyan gundumar San Mateo a Kalifoniya, ta fara aiki ba ko sisi, teburinta na gefen na sakatariyar ofishin.

Na biyu majalisa. A Amurka kowace jiha tana da majalisarta da kotunanta. A 1969 aka naɗa ta cike gurbi a majalisar dattawan Arizona, daga baya ta tsaya zaɓe ta ci. A 1973 ta zama shugabar masu rinjaye, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Aikin nan na lissafin ƙuri'a ne: ka lallashi wannan, ka sassauta wa wancan kalma a cikin ƙuduri, har sai an samu rinjaye.

Na uku alƙalanci. A 1975 ta fara zaman shari'a a babbar kotun gundumar Maricopa, inda ta saurari shaidu ido da ido. A 1979 Gwamna Bruce Babbitt, ɗan jam'iyyar Democrat, ya ɗaga ta zuwa kotun ɗaukaka ƙara, alhali ita 'yar Republican ce.

A 1981 Shugaba Ronald Reagan ya zaɓe ta zuwa Kotun Ƙoli, majalisar dattawan ƙasa ta amince da ƙuri'u 99, ba wanda ya ƙi. Alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, ɓangaren da ya samu biyar shi ke da hukunci. Nan darasin majalisa ya yi aiki. Sau da dama idan aka rabu huɗu da huɗu, ƙuri'arta ke raba gardama, kuma takan tsaya kan abin da ke gabanta kawai, ba ta faɗaɗa hukunci. A shari'ar Hamdi ta 2004 ta rubuta cewa ko a lokacin yaƙi, ɗan ƙasa da gwamnati ta tsare yana da haƙƙin ƙalubalantar tsarewar.

Ta ajiye aiki a 2006 don jinyar mijinta mai ciwon mantuwa, sannan ta kafa iCivics a 2009 don koya wa ɗalibai yadda gwamnati ke aiki. Ta rasu ranar 1 ga Disamba, 2023, a Phoenix, tana da shekara 93.