Shin Ko Kun San? Aksil ɗin Baya

Shin ko kun san ƙarin sifirin ba ya ƙara wa aksil ƙarfi? Ku dubi akori-kurar da ke fitowa daga kasuwar Sara a Gwaram da la'asar, an jibga mata buhunan masara sun haura kan direba, karen mota na can ƙololuwa ya harɗe ƙafa. Mai ita ya sa bakanike ya ƙara mata sifirin biyu ko uku, shi ya sa ba ta durƙusa ba. Amma lodin yana nan kan boris da shaf ɗin da aka ƙera don kusan tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100. An dai ɓoye alamar ciwon ne.

Ko kun san aksil iri biyu ne a wajen ɗaukar kaya? A Hilux da ire-irenta, shaf ɗin da ke juya taya shi ke tallafe nauyin motar. In ya karye daga bakinsa, taya kan fice da gangar birkinta, direba yana kallo tana wuce shi. A Kanta da tifa kuwa, nauyin na kan bututun aksil da boris biyu, aikin shaf juyi kawai. Ko ya karye, mota za ta tsaya, taya na wurinta. Mai jigilar dutse da yashi a Birnin Kudu, wannan na biyun ne nasa, ba ja.

Golf da Sharon da ke lodin fasinja zuwa Kano ba sa cikin wannan lissafi: da tayoyin gaba suke ja.

Shin kun san kumburin nan na tsakiyar aksil shi ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana? Bafaranshe Onésiphore Pecqueur ne ya ƙirƙiro fasahar a 1827, tun kafin motar fetur.

A cikin kumburin akwai kirawun da finiyo, kuma haƙoransu ne ke yanke halin mota. Kirawun mai haƙori 41 da finiyo mai 10 sun ba da 4.10: farfela ta juya sau huɗu da 'yan kai, taya ta juya sau ɗaya. Mai 4.88 ya fi ja a tudu da taɓon damina, amma a kwalta injin zai yi ta ihu yana shan mai. Nan masu sayen aksil na gwanjo a Ƙofar Ruwa, Kano, ke yin tuntuɓe. Su ga aksil ya yi kama da nasu, su biya, ba su ƙirga haƙori ba. In motar mai ja da taya huɗu ce, gaba da baya suka saɓa, ranar da aka sa giyar taimako a ƙasa mai tauri sai wani ƙarfe ya ba da kai. A tafi da tef kuma, a auna faɗi daga mazaunin taya zuwa ɗayan, a ƙirga ramukan noti. In ya yi faɗi taya ta goge bodi, in ya yi tsuku ta goge sifirin.

Ko kun san a Amurka masu ɗaura manyan injuna a tsofaffin motoci sun fi rububin aksil ɗin Ford mai kirawun inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986? Ana zare kayan cikinsa ta gaba a dunƙule, a canja su a kan benci.

Shin kun san gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in aka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnarsa ga kwalta kan ninka kusan sau 16? Dokar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 ga aksil guda mai jan mota. Ku tuna da wannan in kun faɗa rami tsakanin Babaldu da Gwaram.

Na ƙarshe: a saman aksil akwai 'yar hudar shan iska. In laka ta toshe ta, zafi kan tura man giya ta sil ya jiƙa takalmin birki. In kuma kun ratsa ruwa mai zurfi, ku kwance noti ku duba man. Ya koma ruwan madara? Ruwa ya shiga, a juye shi ranar.