Kimba: Kowa Ya San 'Ya'yan, Wa Ya San Uwar?

Babu mai teburin kayan yaji a kasuwar Malanville da zai rasa kimba. Ga ta nan tsibi-tsibi kusa da kanumfari da citta da masoro. Mai dama kunu na sonta, mai dakan yajin jego kuwa ba ta ma fara daka sai da ita. To amma ka tambayi mai sayarwa ko mai saye yadda iccen yake, sai ka ji ana hasashe. Wani ya ce yaɗo take yi kamar wake, wani ya ce ɗan ƙaramin icce ne irin na barkono. Duk ba haka ba ne.

Kimba babbar bishiya ce ta kurmi, tana kai tsawon mita 20, wani lokaci har 30. Ruwa take so da ƙasa mai danshi, shi ya sa ba ma ganinta a nan bakin Kwara, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. A ƙasar Benin sai ka gangara kudu, sannan ka same ta a sauran kurmi da bakin fadamu. Ko can ɗin ma ba ta da yawa, don kurmin Benin kaɗan ne in an gwada da na kudancin Najeriya ko Ghana.

Masana tsirrai na kiranta Xylopia aethiopica. Wani Bafaranshe, Dunal, ya bayyana ta a rubuce a 1817. Abin da zai ba ka mamaki, dangi ɗaya take da gwandar daji, waccan da yara ke tsinka a bayan gari in ta yi ruwan ɗorawa. Gwandar masar ma 'yar gidan ce.

Yaya aka yi icce mai 'ya'ya masu zaƙi ya haɗa jini da mai yaji? Amsar na cikin fure. Furen 'yan wannan dangi uku-uku yake tafiya: ƙananan kunnuwa uku a gindi, sai ɓawon fure shida, uku a waje uku a ciki. A tsakiyarsa akwai 'yan mahaifu da yawa. A gwandar daji sai su manne su zama ɗa guda mai ƙuraje-ƙuraje a jiki. A kimba kuwa kowace ta kama gabanta, ta zama siririn kwanso. Shi ya sa fure ɗaya tak ke fitar da tarin kwanso, ashirin ko fiye, sun bazu kamar yatsun hannu. Wato tsinken kimba ɗin da ke hannunka yatsa ɗaya ne aka ɓalle. Ɗanyensu kore ne, su yi ja in sun nuna, sai an shanya su suke komawa baƙi-baƙi.

In Allah Ya kai ka kudu kana son gane ta, duba gangar jikin: miƙaƙƙiya ce sak, ba kauri sosai, rassa na can sama. Ganyen dogo ne mai kauri, samansa na sheƙi, ƙasansa ya ɗan koɗe, gefensa sumul ba zarto. Ganyayen ba sa fuskantar juna a reshe, ɗaya nan ɗaya can suke jeruwa, sahu biyu. Murza ganye ko ka kankare ɓawo ka sansana, za ka ji ƙamshi mai ɗan yaji. Sai dai kada wannan ya sa ka yanke hukunci, don tana da 'yan uwa masu kama da ita. A 2018 masana biyu, Johnson da Murray, sun ƙidaya nau'i 45 na Xylopia a yankunan Afirka masu zafi. Ɗaya daga cikinsu, Xylopia rubescens, tana cikin kurmin fadamar Lokoli a kudancin ƙasar nan. Mai son tabbaci sai ya ga fure ko 'ya'ya, ko ya kai reshe ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Abomey-Calavi. Littafin Flore analytique du Bénin na 2006 ma don irin wannan aikin aka yi shi, kodayake ni dai ban taɓa ganinsa a lakwal ɗinmu na nan ba.

Ruɗanin da ya fi shafarmu na suna ne. Da Faransanci ana ce mata poivre de Guinée, kuma da wannan sunan wasu ke kiran masoro, wasu citta mai 'ya'ya. Alhali masoro yaɗo yake yi a jikin itatuwa, citta mai 'ya'ya kuwa dangin citta mai yatsu ce. Ɗan kasuwar da zai yi odar buhu daga Kwatano ta waya, gara ya faɗi sunan da mai kayan ya sani: Yarbawa na cewa eru, Inyamurai uda, mutanen Kumasi hwentia. A Senegal djar suke ce mata, ita ce ke ba kofin Touba ɗanɗanonsa.

Wurin saye kuma, kimba mai kyau ta bushe ƙarau, ana ganin tudun ƙwayoyi a jikin kwanso, ƙamshinta na tashi tun ba a fasa ba. Ɗan warin hayaƙi ba aibu ba ne, wasu a kan wuta suke busar da ita. Wadda ta yi fari-fari ko laushi ta sha danshi, bar ta ko da araha. Ƙamshin a kwanso yake, ƙwayar ɗaci gare ta, shi ya sa masu girki da yawa ke fasa kwanson su zubar da ƙwayoyin kafin su daka.

Can kudu itacen na shan gatari, ana sare shi don rufin ɗaki da tuƙin kwalekwale, a ɓare ɓawonsa don magani, gona kuma na cin fadamun da yake tsira. Daga lokacin da aka shuka sabo, sai an yi shekaru kafin ya fara ba da 'ya'ya.