Abin da ya hana gidan barci

A wani gida a Araba, kusa da iyakar Illela da Birnin Kwanni, yarinya 'yar shekara 2 da rabi ta hana kowa runtsawa. Lafiya lau take kwanciya bayan isha'i, amma kafin dare ya raba sai ta farka da kuka, tana mutsu-mutsu, ta ƙi goyo ta ƙi ruwa. Da gari ya waye kuwa, ga ta tana wasa cikin yara kamar ba ita ba.

Kakarta ta ce haƙori ne. Aka duba baki, dasashi babu kumburi. Uban ya zargi sauro, ya ɗaura gidan sauro, aka kai ta gwajin jini, ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba. Yaye ma ba shi ba ne, don ta daɗe da barin nono. Daga nan maƙwabta suka fara batun iska, aka yi tofi, aka karɓo rubutu. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma uwar da ta rame saboda rashin barci tana bukatar a taya ta bincike.

Ita ce kuwa ta lura da abin da kowa ya tsallake: duk lokacin kukan, hannun yarinyar na baya tana susa. Yayanta ma haka yake yi cikin barci.

Da ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, sai ta ce: "Baiwar Allah, bar ta ta yi barci awa 2 ko 3, ki haska duburarta da tocila."

A daren ta gani: farar tsutsa siririya kamar guntun zare, tsawonta wajen santimita 1, tana motsi. A hanji take zaune, sai yaro ya yi barci macen ta fito ta zuba dubban ƙwai a fatar wurin, ƙaiƙayi ya tashe shi. Shi ya sa rana ba ta nuna komai, gwajin bayan gida ma sau da yawa ba ya kama ta. Yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a farce, ya koma baki ko ya shiga kwanon da ake ci tare. A zani da tabarma yakan kai mako 2 zuwa 3 da rai.

Maganin, albendazole ko mebendazole, tsutsar yake kashewa ban da ƙwan, don haka ake maimaitawa bayan mako 2. Aka yanke farce, aka koma wanka da sassafe, aka wanke shimfiɗa ba tare da kakkaɓewa ba. Aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan manyan gidan su ma su sha, domin kakar ta dage cewa tsutsa ciwon yara ce. Sai da aka nuna mata cewa da jikarta take kwana kan tabarma ɗaya sannan ta karɓa.