Shirwa Ce, Ko Shaho, Ko Ungulu?

Da zarar damina ta ja baya, wajen watan Oktoba, duk wanda ya ɗaga kai a Hédzranawoé zai ga manyan tsuntsaye suna shawagi a bisa kasuwa da kan juji. Yaranmu kuwa, in an tambaye su, suna ɗaya suke ba su duka: shaho. Waɗansu ma sai dai su faɗa da Faransanci. Alhali kakanninmu sun raɗa wa kowanne sunansa, kuma ba su yi haka a banza ba.

Wadda muka fi gani a nan Lome ita ce shirwa, wadda ake kira milan a littafin lakwal. A dubi wutsiyarta tukuna: doguwa ce, a tsage take daga ƙarshe, tana murɗa ta hagu da dama kamar mai tuƙin kwalekwale. Jikinta ƙasa-ƙasa ne, bakinta rawaya. Baƙuwar rani ce, in ruwa ya sauka sai ta bi shi arewa, wajen Nijar. Ita ce mai fizge nama daga faifan mai talla, ita ce kuma kaza mai 'ya'ya ke gudu.

Shahon da ke shigowa cikin gari ƙarami ne, bai fi tantabara ba. Bayansa ruwan toka, idon namijin ja. Ba ya daɗewa a sama. Yakan laɓe cikin itace, ya faɗo wa ƙadangare kamar kibiya. Hankaka kuwa, mai farin ƙirji, ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan, ko da yake yara na cusa shi.

Ungulu ce abin damuwarmu. Fukafukanta faffaɗa ne, a miƙe kamar allo, wutsiyarta gajera, kanta ƙarami kuma ba gashi a fuskar. Dattawanmu da suka taso a Kano ko Sakkwato sun san lokacin da ba a yanka a mahauta sai tana tsaye a gefe, tana kwashe abin da zai ruɓe ya jawo cuta. Yau sai a yi wata da watanni ba a ga ɗaya a can ba. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gine-Bisau, aka yanke kawunan da yawa daga cikinsu don sayar wa masu tsibbu. Wanda ya taɓa ratsa kasuwar Akodessewa ya san irin wannan ciniki bai yi nisa da mu ba, kuma gaskiya ita ce har da namu mutanen a masu saye. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, to ta yaya za ta mayar da gurbi?

Mai son koya wa yara ba ya bukatar tabarau mai kawo nesa kusa. A fita da hantsi, lokacin da ƙasa ta ɗau zafi tsuntsayen suka tashi sama, a juya wa rana baya, a fara da wutsiya. Wanda ya ga ungulu ya rubuta ranar da unguwar a littafinsa.