Kuɗin Kirifto: Tsakanin Sirrin Ɗan Kasuwa da Idon Hukuma

KEFFI, Jihar Nasarawa: A wannan gari mai tazarar kimanin kilomita 50 daga Abuja, kuma mazaunin Jami'ar Jihar Nasarawa, cinikin kuɗin kirifto ta wayar hannu ba baƙon abu ba ne a tsakanin matasa. Tambayar da ke gaban mai wannan ciniki ita ce, wa ke da haƙƙin sanin abin da ya saya da abin da ya sayar?

Tun fil azal ɗan kasuwa ba ya tallata jarinsa, domin gudun ɓarayi da abokan hamayya. Ita kuwa gwamnati tana buƙatar ganin inda kuɗi ke fitowa, saboda haraji da yaƙi da halatta kuɗin haram.

Idan za a iya tunawa, a watan Fabrairun 2021 ne Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Cinikin bai mutu ba. Sai ya koma hannu-da-hannu tsakanin mai saye da mai sayarwa, inda hukuma ba ta gani sosai. A Disambar 2023 bankin ya janye wannan umarni.

Al'amarin ya yi ƙamari a Fabrairun 2024, lokacin da Gwamnan Babban Bankin, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 sun ratsa ta kamfanin Binance a Nijeriya cikin shekara guda, ba tare da an tantance masu su ba. An tsare jami'an kamfanin biyu, sannan Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarce shi ya miƙa wa Hukumar EFCC bayanan 'yan Nijeriya masu hulɗa da shi.

Abin lura a nan shi ne, ana rubuta kowane cinikin Bitcoin a wani kundi da kowa ke iya dubawa, sai dai babu suna. Da zarar an haɗa sunan mutum da lambar asusunsa, dukkan cinikin da ya taɓa yi da asusun ya fito fili. Idan bayanan suka faɗa hannun ɓata-gari, rayuwar mai dukiyar na iya shiga haɗari.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, haka ma Dokar Kare Bayanai ta 2023. A ɗaya ɓangaren, Dokar Zuba Jari ta 2025 ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar Hukumar SEC.

Saboda haka ya wajaba ɗan kasuwa ya bincika ko dandalin da yake hulɗa da shi yana da rajista da SEC, ya kuma adana lissafin kowane ciniki. Ita ma gwamnati ya kamata ta riƙa neman bayanan wanda ake zargi kaɗai, ta hanyar kotu, ta kuma fayyace wanda ke ajiye su. In ba haka ba, cinikin zai sake komawa ɓoye kamar yadda aka gani a 2021.